Hidimar Da Ba Ta Jiran Mai Ɗaukar Hoto

Yau maganata da mata Kirista ce, musamman mu na Zumuntar Mata a Birnin Kebbi da Argungu. Amma ku ma iyayena da ƙawayena Musulmi kada ku ninke jaridar, don ku ne shaidunmu, ku kuke ganin zamanmu a unguwa.

Kowa ya tuna ambaliyar 2020, sa'ad da Gulbin Rima ya cika ya batse, ya cinye shinkafar fadama tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba. Makarantu na rufe saboda cutar korona, sai aka zuba waɗanda ruwa ya kora daga ƙauyukan bakin gulbi a azuzuwanmu. Zumuntarmu ta tara kuɗi, muka sayi shinkafa da sabulu, muka sha anko, muka tafi da waƙa. Aka raba, aka ɗauki hoto, kafin la'asar kowa ta koma ɗakinta. Ran Lahadi aka karanta sunayen masu bayarwa a coci, aka yi tafi. Ni ma na tafa, ba na cire kaina.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, gwauruwa, mai tuyar ƙosai. Ba ta cikin hoton, don ba ta da kuɗin anko. Amma ita ce ta lura da wata mai jego a kusurwar aji uku, wadda ta haihu kwana biyu kafin ruwa ya ci gidansu, babu uwa, babu uwar miji a kusa. Kullum da asuba, kafin ta ɗora kasko, tsohuwar nan takan zo da itace a ka, ta dafa mata ruwan wanka, ta wanke tsummokaran jariri, ta bar mata koko. Haka har aka yi arba'in. Ba ta tambaye ta addininta ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Ran nan na ce, "Mama, ba kya gajiya?" Ta dube ni ta ce, "'Yata, in ke ce kwance a nan fa?"

To, jama'a, wace ce ta yi hidima a cikinmu? Ba ina raina buhun shinkafa ba ne, mai yunwa ba hoto ya dame shi ba. Amma bayarwa ta yini ɗaya ba ta ci mana kome ba sai abin da ke bakin zane. Hidima da zuciya ɗaya kuwa barci take ci, da lokaci, da girman kai. Ubangijinmu Yesu bai aika a wanke ƙafafun almajiransa ba, shi ya ɗaura tawul ya sunkuya. Dokas ta garin Yafa kuwa, da ta mutu, rigunan da ta ɗinka musu gwauraye suka riƙa nunawa suna kuka.

Mu tuna kuma yadda bangaskiyar nan ta zauna a ƙasar Sakkwato. A shekarun 1930 mishan ta SIM ta kama aikin jinyar kutare a Amanawa, lokacin da babu maganin da ke warkar da cutar sosai, don haɗin magungunan da ake sha yanzu sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Watau masu wanke gyambon nan sun yi shekaru suna wankewa ba tare da tabbacin warkewa ba.

Na san abin da wasu za su ce: mu ma talakawa ne, ga aiki, ga yara, ga miji. Gaskiya ne, ni ma albashina ba ya kai ƙarshen wata. Amma mai ƙosan nan ta fi mu samu ne? Wasu kuma sukan taimaka da ƙugiya a ciki, sai wanda suke sa ran zai bi su coci. Wannan ciniki ne, kuma maƙwabtanmu ba yara ba ne, suna ganewa.

A taronmu na gaba zan tashi in roƙi shugabarmu a bar ankon bana. A maimakonsa a raba mu bibbiyu, kowane mako mata biyu su leƙa ɗakin mata a asibiti, su nemi wadda aka kawo daga ƙauye babu mai jinya, su wanke mata zane, su kai mata tuwon dare har a sallame ta. Na riga na rubuta sunana a makon farko. Saura mutum ɗaya.