Keken amarya ba kayan ado ba ne

Idan za a saya wa yarinya keken ɗinki a Tasawa ko Mayahi, ina roƙon iyaye su daina kallon ƙyallin fenti. A zauna a taka shi tun a shago, a ninka ƙyallen shadda gida huɗu a ga ko allura za ta ratsa ba tsallake. Ni dai baƙin Butterfly na ƙafa nake zaɓa wa 'yar ƙauye, ko tsohon Singer mai lafiya, domin ba ruwansu da lantarki, kuma kayan gyaransu ba sa wuya a kasuwar Maraɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne rashin kulawa. Ƙurar hunturu da rairayin ƙasarmu suna taruwa ƙarƙashin haƙoran da ke jan tufa, sai zare ya dinga tsinkewa, sai a ɗiga man gyaɗa! Ai shi ke daskarewa ya riƙe ƙarfen. A kwance farantin da ke kan haƙoran, a share, a sa man keke ɗigo biyu, a sauya allurar da ta lanƙwashe. Sau da yawa gyaran ke nan, ba sai an kira makaniki ba.