Kafin A Ɗora Akori-Kura A Kan Sikeli

Duk wanda yake bin hanyoyin ƙasar Haɗeja da na Dutse ya saba ganin tsohuwar Fijo akori-kura a yashe a gindin darbejiya, tayoyinta sun sace, rairayi ya binne rabin ƙafafunta, awaki sun mayar da bayanta wurin kwana. A 'yan shekarun nan irin waɗannan motoci suna raguwa, kuma ba tashi suke yi su koma hanya ba. 'Yan gwangwan ne suke bi gari-gari suna taya su, a yanka su da wutar walda, a auna ƙarfen da kilo, a loda a tirela a kai wa masu narkarwa. Motar da ta yi shekara talatin tana kai gero da riɗi kasuwa, ana gama da ita tsakanin azahar da la'asar.

Abin da ya sa na ɗauko zancen a wannan mako shi ne wasiƙar wani mai karatu daga Kafin Hausa, malamin makaranta, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar Fijo 504 akori-kura da ta yi shekaru a tsaye. 'Yan'uwansa suna son a sayar wa masu ƙarfe a raba kuɗin. Shi kuwa yana son ya riƙe ta, ya riƙa gyara ta sannu a hankali ranakun Asabar da Lahadi, ba don ya sa ta haya ba, don dai sha'awa. Ya ce da ya faɗi haka, an yi masa kallon wanda kansa ya taɓu. Tambayarsa ita ce ko abin da yake so ɓarnar dukiya ne.

Amsata ita ce ba ɓarna ba ne, amma da sharuɗɗa, kuma wasunsu ba za su yi masa daɗi ba.

Ya kamata a fara sanin abin da ake shirin yankawa. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960, ya biyo da 504 a 1968, wadda aka zaɓa a matsayin motar shekara ta Turai a 1969. Motocin nan sun yi suna ne a kan munanan hanyoyin Afirka: 404 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963, sannan ta jera 1966 da 1967 da 1968, ita ma 504 ta lashe a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo, a zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da kuɗin fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. A wancan zamani akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Anammco a Inugu, da masana'antar manyan motoci ta Fiat a Kano. Karyewar darajar Naira daga 1986 da kwararowar motocin gwanjo daga Turai suka durƙusar da yawancinsu. Fijo 504 ta yi taurin kai, aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har wajen 2006, shekaru da dama bayan an daina yin ta a ƙasar da ta ƙirƙire ta.

Saboda haka akori-kurar da ke ƙofar gidan malamin nan, idan ƙirar Kaduna ce, shaida ce ta lokacin da Arewa take haɗa mota da hannun 'ya'yanta. Mai yiwuwa ma ta girmi Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a watan Agusta na 1991. Ita da 'yan'uwanta ne suka yi jigilar amare da kayan ɗakinsu, suka kai masu naƙuda asibitin Haɗeja da tsakar dare, suka cika kasuwannin Gujungu da Maigatari da buhuna da tumaki. Muna da gidajen tarihi da ke adana sulke da takobi da sirdin doki, kuma ya dace a adana su. Amma tarihin talakan karkara na rabin ƙarnin da ya wuce, a bayan akori-kura aka ɗauko shi.

Sharaɗi na farko ba na gareji ba ne. Motar gado ce, kuma kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, har da mata da ƙananan yara. Son da malam yake mata bai ba shi ikon riƙe ta ba. A kira wanda ya san farashi ya yi mata kuɗi a gaban kowa, ya biya 'yan'uwansa rabonsu ko a cire daga nasa kason, a rubuta, a sa shaidu. Ina ba shi shawarar ya ɗora wani abu a kan tayin 'yan gwangwan, domin ranar da motar ta tashi tana sheƙi, kada wani ya ce an yi masa wayo. Zumunci ya fi kowace mota tsada.

Sharaɗi na biyu shi ne ya shiga ƙarƙashinta da tocila kafin ya kashe ko kwabo. Inji ana gyara shi, ana ma sake shi ɗungurum. Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙashin bayan motar, wato shasi, da wuraren da sifirin ɗin baya ya kama, da daɓen ƙasan kujerar direba. A nan mutanen Jigawa suna da sa'ar da mutanen Legas da Fatakwal ba su da ita, domin busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar iskar bakin teku. Motar da ta yi shekara goma a tsaye a Bulangu tana iya fin wadda ta yi uku a Apapa lafiyar jiki. Sai dai akwai ambaliya. Idan ruwa ya taɓa kwanciya a inda take, kamar yadda ya faru a garuruwa da yawa na yankin a daminar 2022, to laka ta shiga lungunan da ido ba ya gani, tana riƙe danshi, tsatsa tana ci daga ciki. A ƙwanƙwasa da guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi dum, ko ya zubo da gari. Idan shasi ya ruɓe, malam ya haƙura, ya cire tambarin zakin da ke gabanta ya ajiye don tunawa da mahaifinsa.

Idan kuwa ƙashi lafiya, sai a zo kan inji, kuma a nan ne masu ɗoki suke yin ɓarna. Abu na farko da ke zuwa wa mutum shi ne ya aro batir ya murza makulli ya ji ko za ta yi tari. Kada a yi haka. Injin da ya daɗe a tsaye baƙin mansa ya gangara ƙasa, sassan sama sun bushe, wataƙila zoben fistin ya manne. A cire filogi duka huɗu, a ɗiga mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu da sifana a ji ko yana zagayawa. A zubar da tsohon baƙin mai, a sauya matata. A sauke tankin fetur a wanke, domin fetur idan ya tsufa yakan zama danƙo ya toshe kafireta. A bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, tunda ɓeraye ba sa raina mota a tsaye, kuma waya ɗaya da aka gwaguya ta isa ta tayar da gobara. Duk wani abu na roba, daga tiyon lagireto zuwa bel zuwa tiyon burki, a ɗauka rana ta gama da shi ko da ido ya ga kamar lafiya.

Daɗin wannan inji shi ne an yi shi don a gyara. Babu kwamfuta a cikinsa, babu na'urar da sai an kai Kano an jona kafin a san ciwonta. Fetur, iska da tartsatsin wuta: idan ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ne bai iso ba, kuma mai haƙuri zai gano wanne. Hatta ramukan da fistin ke kai-komo a ciki bututun ƙarfe ne da ake zarewa a sa sababbi, ba sai an jefar da gangar injin ba. Rauninsa ɗaya sananne ne: kansa na alminiyam ne, gangarsa ta baƙin ƙarfe, don haka idan ya yi zafi fiye da kima kan yana lanƙwashewa, ruwa ya haɗu da mai. A garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, lagireto ba wurin tsimi ba ne. Ina kuma roƙon a daina ɗura masa ruwan rijiya mai kanwa-kanwa, wanda ke toshe hanyoyinsa da farin gari.

Burki kuwa, a gyara shi kafin fenti, kafin kujera, kafin komai na ado. Akori-kura ta ci rayuka da yawa a ƙasar nan, kuma ba don ƙirarta ba ta da kyau ba. An yi ta don ta ɗauki kimanin tan ɗaya, mu kuma muka ɗora mata buhu ashirin, muka jera mutane a saman buhunan, yaron mota yana lilo a baya, tayoyi sun suɗe, burki sai an taka sau uku. Wanda zai farfaɗo da ita don tunawa da zamanin da ya wuce, kada ya farfaɗo da wannan ɗabi'a tare da ita.

Kayan gyara suna nan, amma sai da ido. Ƙofar Ruwa a Kano har yanzu ana samun sassan Fijo, haka a Kaduna, kuma tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga wata motar sau da yawa ya fi sabon jabu mai ƙyalli a kwali. Araha ba ta ado. Abin baƙin cikin shi ne kowace 504 da aka narkar ta tafi da gilashi da fitila da marfin inji da ba za a sake ƙerawa ba, don haka kayan da ake samu a bana da sauƙi, baɗi sai an yi cigiya.

Sharaɗi na uku shi ne kuɗi, kuma gara a faɗa masa gaskiya. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, inji mai kusan lita biyu da kafireta ba abin hawa zuwa makaranta kullum ba ne ga mai albashin malanta. Ana iya mayar da irin wannan inji ya yi aiki da iskar gas, amma sai an fara duba inda za a riƙa cikawa. Ya kuma cire rai da cewa zai mayar da abin da ya kashe idan ya sayar. Ya ware wani ɗan abu daga albashi kowane wata bayan an gama da hatsi da kuɗin makarantar yara, ya yarda aikin zai ɗauki shekara biyu ko uku. Ranar da gyaran mota ya taɓa tukunyar gida, 'yan'uwansa sun yi gaskiya.

Saura zargin taɓin hankali. Mu Hausawa ba baƙin sha'awa ba ne. Mun san mai kiwon doki da ke kashe masa abin da ya fi kuɗin babur don hawan Sallah kawai, mun san masu tantabaru da masu kiwon raguna na gani-a-yaba, ba wanda ya ce sun zautu. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne mai ilimin boko ya tuɓe babbar riga ya kwanta a ƙasa baƙin mai yana ɗiga masa a fuska, alhali ba yunwa ce ta sa shi ba. Wannan ƙyamar aikin hannu ita ce ciwon, kuma ta yi mana illa fiye da yadda muke zato. A Kuba, takunkumin Amurka ya tilasta wa mutane riƙe motocin shekarun 1950, suna ƙera musu sassa da hannu, yau kuma masu yawon buɗe ido biya suke a zagaya da su Habana a cikinsu. A Turai da Amurka, likitoci da alƙalai suna ƙare hutun mako a gareji a kan tsohuwar mota, suna taruwa su baje kolinsu, ba wanda yake ganin girmansu ya zube.

Akwai kuma abin da ya fi motar kusa da ɓacewa, wato mutanen da suka san ta. Kanikawan da suka koyi sana'a a kan 404 da 504, waɗanda ke sa kunne su gaya maka filogi na nawa ne ba ya ci, sun tsufa, yaransu kuma sun koma gyaran babur da Keke Napep domin can ciniki yake. Malam ya nemi ɗaya daga cikinsu a Haɗeja ko Dutse, ya biya shi haƙƙinsa da mutunci, amma bisa sharaɗin a gabansa za a yi aikin, shi ne zai riƙe sifana, dattijon yana nuna masa. Ya ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance, ya zuba kusoshi a gwangwanaye ya rubuta inda kowanne ya fito, ya buɗe littafi yana rubuta abin da aka gaya masa da Hausa, da sunayen da kanikawa suke kiran sassan.

Kafin Hausa tana da Jami'ar Sule Lamido tun 2013, Haɗeja tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, Dutse ma tana da tata. Ɗalibin da bai taɓa ganin cikin inji ba zai fahimci yadda fetur ke zama motsi a kan Fijo cikin yini ɗaya fiye da yadda zai fahimta a allo cikin zango guda, domin komai nata a fili yake. Da makarantun nan za su sayi biyu ko uku daga hannun magada a kan farashin da 'yan gwangwan ke bayarwa, da sun sami ɗakin gwaji mafi araha a jihar, su kuma ɗauki tsofaffin kanikawa su riƙa zuwa koyarwa ko da sau ɗaya ne a mako.

Abu na ƙarshe da malam zai nemo shi ne takardu. Ya binciki akwatin mahaifinsa ya fito da rasidin saye da tsohon lasisi, ya gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, ya je ofishin rajistar motoci a sauya suna zuwa nasa da takardar rabon gado a hannu. Ya yi wannan tun motar tana kan duwatsu, kafin ranar da zai fito da ita titin Haɗeja jami'an duba motoci su ɗaga masa hannu.