A Bar Masunta Su Duba Lissafin Kifi

'Yan'uwa manoma da masunta, a 1988 aka gano dubban ganguna na sharar guba daga Italiya a Koko ta bakin teku, ba Kokon maƙwabtanmu ba. A 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako, suka hana shigo da irin wannan shara, har da ta nukiliya. A 1992 kuma Nijeriya ta kafa doka: kafin a gina ma'ajiyar shara mai guba, sai an binciki abin da za ta yi wa ƙasa da ruwa.

Doka ta yi kyau, amma wa zai duba masu binciken? Mu mutanen ƙasar Bagudo, inda Kwara ke shigowa ta wajen Lolo, mun san kifi ba ya zama wuri guda. Baƙo zai jefa raga kwana biyu da rani, ya rubuta karfasa da tarwaɗa, ya tafi. Ina yauni da giwan ruwa? Ina gaiwa mai kwana cikin laka? Kifin da ba a rubuta ba, ran da ya ɓace babu mai biyan diyya.

Saboda haka, duk ran da aka zo ƙidaya, muna roƙo a yi ta da rani da damina, Sarkin Ruwa yana cikin jirgin. A tambayi masuntan Benin, gama kifi bai san iyaka ba. A karanta mana lissafin da Hausa da Dandanci, masanan kifi na Sabuwar Busa kuma su sake ƙidayawa. Kada mu sa hannu a takardar da ba mu ji ba.