Gudun Gara, An Tadda Zago

Tun daga ranar 26 ga Yulin 2023, da sojojin Janar Tiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, wasu 'yan bokonmu masu da'awar ra'ayin sauyi suka ɗauki kakin soja a matsayin tutar 'yanci. Daga zaurukan malaman jami'a a Wudil zuwa shafukan Facebook, hujjar ɗaya ce: ai sun kori Faransa. A watan Agustan 2024 har tutar Rasha aka ɗaga a titunan Kano, a zanga-zangar tsadar rayuwa.

Babu mai musun zaluncin Faransa. Shekaru sama da hamsin kamfaninta yana haƙar yuraniyom a Arlit, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu. Amma wannan gaskiya ba ta wanke wanda ya gaje kujerar.

A duba abin da ya samu Moussa Tchangari, jagoran ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens. Ya daɗe yana sukar zaman sojojin ƙasashen waje a Nijar tun janar-janar ɗin yau suna sara wa Faransa. A Disambar 2024 aka kama shi a Yamai, aka tuhume shi da goyon bayan ta'addanci. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, Tiani ya yi rantsuwar mulkin shekara biyar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba. Masu tafin nan namu kuwa bakinsu alekum.

Mun taɓa ganin irin wannan. Sekou Toure ya ce wa Faransa a'a a 1958, Afirka ta yi guɗa. A kurkukunsa na Boiro ne yunwa ta kashe Diallo Telli, babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na farko, a 1977.

Za a ce lokacin yaƙi ne, sukar shugaba taimakon maƙiyi ce. Haka ma aka ce wa 'yan NEPU. Tun kafuwarta a 1950, su Malam Aminu Kano sun yaƙi Bature, sun kuma yaƙi zaluncin En'e, domin bulalar dogari ba ta rage zafi don ɗan gida ne ya riƙe ta. Wanda ke alfahari da wannan gado, to ya fara da neman a saki Tchangari, ya kuma tambayi ranar da talakan Maraɗi zai sake zaɓen mai mulkinsa.