A Auna Kafin A Canza Famfon Mai

Duk wanda ya san hanyar Kano zuwa Zariya a lokacin rani ya san yadda a-kori-kura ke jerin gwano daga gonakin Kura, Kadawa da Bunkure zuwa kasuwar Kwanar Gafan, kowace ta sha kwandunan tumatir har tana rinjaya. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya raya wannan yanki, amma mota ce ke kai amfanin gona kasuwa. Idan ta tsaya a hanya da rana tsaka, tumatir ba ya jiran bakanike.

Abin da ke damuna shi ne amsar da direba ke samu a mafi yawan gareji da zarar ya ce motarsa tana shaƙewa ko ba ta jan kaya: "Famfon mai ne, Alhaji, a canza shi." Ba gwaji, ba awo. A sauke tanki, a sa sabon famfo, bayan kwana uku mota ta koma gidan jiya. Ni a ganina wannan caca ce da kuɗin mutane, kuma mu da muke karatun injiniyan motoci bai kamata mu fita mu ci gaba da ita ba.

Ai binciken ba wani abu ne mai wuya ba. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka kasa kunne wajen tanki. Famfo mai lafiya zai yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu ya yi shiru. In ba ka ji komai ba, duba fis da rile da wayar da ke kai masa wuta tukuna. Sau nawa aka zubar da famfo lafiyayye alhali waya ce ta ci tsatsa?

Daga nan sai ma'aunin matsin mai. Yawancin motocin injekta da ke yawo a nan suna aiki da matsi wajen ba 3, kowace dai da adadin da kamfaninta ya rubuta. Allurar ma'aunin nan tana magana, in ka iya sauraro. Matsi ya yi daidai mota na tsaye, amma ya faɗi da an taka totur? To mai ne ba ya isowa da yawa, fara da filta da ragar da ke bakin famfo. Matsi ya wuce ƙima, mota na baƙin hayaƙi tana zuƙar mai? Duba regileta da bututun da ke mayar da mai tanki. Ka zare siririn tiyon iska da ke kan regileta, in ka tarar da fetur a ciki, robarta ta yage. In kuma ka kashe inji allura ta zube nan take, akwai inda mai ke tsiyaya: ko nozul, ko bawul ɗin cikin famfo, ko regiletar. Shi ya sa irin wannan mota sai an daɗe ana ba ta ki kafin ta tashi. Duka wannan bai kai rabin awa ba.

Akwai kuma abin da littattafanmu na Turai ba su faɗa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, direbobi da yawa lita biyu-uku suke zubawa su lallaɓa. Famfon da ke cikin tanki kuwa fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Kullum tanki a ƙasa, famfo na zafi, yana kuma tsotsar dattin da ya kwanta. Ƙara da man 'yan bumburutu da ake juyewa daga jarka zuwa galan cikin ƙurar hunturu. Ba mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ba, wanda ya kwantar da motoci birjik. Saboda haka tambaya ta farko ga direba ita ce: a ina ka sha mai?

Injin ban-ruwa ma haka. Ƙananan nan ba su da famfon mai sam, daga tanki man ke gangarowa kafireto. In ya riƙa mutuwa bayan minti kaɗan, sau da yawa ƙofar iskar murfin tanki ce ta toshe ko datti ya shiga jet.

Na san za a ce tsofaffin makanikai da kunne suke gane ciwon mota. Gaskiya ne, wallahi wasunsu sun fi mu sanin inji nesa ba kusa ba, kuma ina girmama su. Sai dai kunne ba ya bambance matsin ba 3 da na ba 2, kuma wannan ɗan bambancin ne ke hana mota hawa tudu da kaya.

Roƙona ga ƙungiyar ɗalibai: a cikin kuɗin da ake warewa bikin makon ɗalibai, a cire na ma'aunin matsi ko da guda biyar ne, a ajiye a wokshop, mai tafiya SIWES ya sa hannu ya ara. Masu neman wurin SIWES kuma, kada kowa ya dage sai cikin birni. Garejin Kura da Bunkure na cike da aiki daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatir ke kan ganiyarsa.