Ana ci ana ƙoshi, to ina ƙarfin ya tafi?

A zaman asusu, daga Arlit har Akokan, kuka ɗaya ne ke yawan dawowa: mace ta ci tuwo ta ƙoshi, ta tashi daka ko ɗibar ruwa, sai haki da jiri. Wata a ce mata raguwa, wata a ce jifa ne. Mu dai bari mu fara duba yadda jiki ke fitar da ƙarfi daga abinci.

Jikinmu tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a cikinsu akwai wasu ƴan murahu da masana ke kira mitokondiriya. Gero, shinkafa, dabino, duk ciki na narkar da su su zama sukari mai suna gulukos, jini ya rarraba shi. Amma fa sukarin nan itace ne kawai, kuma duk mai girki ta san wuta ba ta ci sai da iska. Iskar da ƙwayoyin ke so ita ce oksijin, wajen kashi 21 cikin 100 na abin da muke shaƙa. In sun haɗu, ƙwayar sai ta ƙona sukarin sannu-sannu, ba harshen wuta ba hayaƙi. Daga nan ake samun ƙarfin motsi, da ɗumin jiki na digiri 37, sai ruwa da gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa. Ko muna barci aikin bai tsayawa. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin.

Mazanmu da suka yi aiki a ramin Cominak, wajen mita 250 ƙarƙashin ƙasa, kafin a rufe shi ran 31 ga Maris 2021, ba sai an gaya musu darajar iska ba: da manyan injina ake tura musu ita. To a jiki, jini ne ke wannan aikin. Jajayen ƙwayoyin jini ke ɗauko oksijin daga huhu, kuma ba su iyawa sai da sinadarin ƙarfe. Nan ne matsalarmu mu mata take. Jinin al'ada kowane wata, ciki bayan ciki, jinin haihuwa, duk ƙarfen ke tafiya. Itace ya cika murhu, iska ba ta isowa. Shi ne ake cewa ƙarancin jini. Ki ja fatar idonki ta ƙasa gaban madubi. In cikin ya yi fari-fari, tafin hannu ma haka, ki je asibiti a auna, kar ki tsaya ga jiƙo.

Yanzu maganar da mun san ba za ta yi daɗi ba: shayi. A ƙasar Agadas wa zai hana mu kofi ukun nan? Ba mu ce a bari ba. Sai dai shayi na hana hanji tsotsar ƙarfen da ke cikin wake, gero da zogale in an sha shi kan abinci. A ba shi ko awa ɗaya bayan an ci. Lemun tsami, tumatir da lemun Timia kuwa taimaka wa tsotsar suke yi, a haɗa su da abincin. Hanta da nama sun fi duka, ko kaɗan ne sau ɗaya a mako. Masu ciki, ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ku wajen awo a shanye su. In bayan gida ya yi baƙi, aikinsu ne, ba cuta ba.

Ga sanyi kuma na tafe. Gawayi mai ci a ɗaki rufe yana fitar da wata iska mai guba, ba wari ba launi, wadda ke manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Mutum na numfashi amma ƙwayoyinsa na shaƙewa. Ciwon kai, jiri, amai, sai barcin da ba a tashi. A fitar da garwashi waje kafin a kwanta, wallahi ko da yara na kukan sanyi. A ƙara musu bargo. In aka ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun kamu da ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofa, a fito da su iska, a nufi asibiti.

A zama mai zuwa kowace ƙungiya ta tattauna ko kuɗin asusun taimako zai iya biyan awon jini ga wadda ba ta da hali, sakatariya ta rubuta abin da aka yanke ta aiko mana.