A Daina Gyaran Baƙaƙe Ɗaya Bayan Ɗaya

Duk wanda ya gaji tsofaffin rubuce-rubucen Hausa a kwamfuta ya san cutar: an buga k'asa a gurbin ƙasa, d'aki a gurbin ɗaki, domin a da ba a samun baƙaƙe masu lanƙwasa. Maganin da aka saba shi ne a zaunar da yaro a shagon buga takardu ya yi ta bin shafuka yana gyarawa da hannu. Wannan ɓarnar lokaci ce, kuma idan ido ya gaji, sai a share alamar a manta da harafin, baƙi su koma baki.

Alhali tun 1974 Lee McMahon ya rubuta manhajar sed a Bell Labs ta Amurka, wadda aikinta ke nan: ta bi fayil na tsuran rubutu layi-layi ta sauya abin da aka umarce ta. Umarni ɗaya ya isa:

sed -i.bak "s/k'/ƙ/g" *.txt

Fayil ɗari ko dubu, kafin a kurɓi shayi an gama, kuma -i.bak ya ajiye kwafin asali.

Masu tsoron baƙin allo suna cewa na'ura ba ta da hankali, za ta yi ɓarna. Sun yi gaskiya, kuma Zuru ce shaida. A harshen C'lela wannan alamar tana da aikinta: mutum ɗaya daga cikin Lelna shi ne K'lela. Wanda ya sauya kowane K' da ka, ya mai da shi Ƙlela, ya lalata sunan jama'a.

Sai dai maganin jahilci ilimi ne, ba komawa aikin hannu ba. A Hausa, wasali ko w ko y ne ke bin ƙ a farkon kalma, kamar ƙasa da ƙwai da ƙyalle. Sai a gaya wa sed haka:

sed -i.bak "s/K'\([aeiouwy]\)/Ƙ\1/g" *.txt

K'asa ta gyaru, K'lela ya tsira.

Saboda haka malaman kwamfuta a Zuru, inda takarda ɗaya kan ɗauki Hausa da C'lela tare, su sa sed cikin darasinsu. Yaron da ke kwana kan shafuka yana da aikin da ya fi wannan.